Wejin da Aka Ce Ya Karye

Ɗazu ina zaune a ƙofar gida, wani saurayi mai keke mai ƙafa uku ya tsaya a gangaren nan na bakin masallaci, ya sauko ya tsinci dutse ya cusa a ƙarƙashin taya. Na ce masa dutse ba weji ba ne. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Baba, weji ai guntun itace ne. Ko makaho aka ba zarto zai yanko shi." Abokansa suka taya shi dariya. To, ku da kuka yi dariyar ku matso ku ji, kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Ni Garba na yi shekara talatin da ɗoriya ina sassaƙa wa manyan motoci weji a Funtuwa, kuma saboda guntun itacen nan da kuke rainawa na taɓa yin shekara guda cur ban isa in taka tasha ba.

Wejin farko da na sassaƙa a Maska ne, a gidan Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata. Shi masassaƙin turmi da ƙota ne tun kakanni, kuma shi ya fara yi wa motocin auduga weji a yankinmu. Shekara biyu na yi a hannunsa ba abin da nake yi sai wasa gizago da kwashe sassaƙe. Ranar da ya tafi wata jana'iza na ɗauki guntun ƙirya, kafin azahar na fito da weji sumul, har da goge shi da magagari. Da ya dawo ya juya shi sau biyu. Ya ajiye shi ƙasa, ya ɗaga gatari ya doka masa ƙeyar gatarin sau ɗaya a kan hanci. Hancin ya ɓalle, ya yi tsalle ya faɗa akurkin kaji. Ya miƙa wa matarsa sauran ya ce ta ɗora sanwa da shi.

"Ka kashe mutum," in ji shi. "Allah ya so ka a tsakar gida ka kashe shi, ba a bisa hanya ba."

Laifina shi ne ban duba jijiyar itacen ba. Kowane itace yana da yadda jijiyarsa ta kwanta, kuma a weji dole ta bi tsawo, daga hanci, wato bakin nan mai kaifi da ke shiga ƙarƙashin taya, har zuwa ƙeya. In ta gitta, taya na hawa hancin zai ɓalle. Shi ya sa Kawu bai yarda da zarto ba. Zarto ba ruwansa da jijiya, inda ka ɗora shi nan zai ci. Gatari kuwa in ka faskara da shi, itacen da kansa zai nuna maka hanyarsa. Sai ka faskara da gatari, ka daidaita da babban gizago, ka gyara da ƙarami. Wannan ce amsar mai cewa a ba makaho zarto.

Kuma ba kowane itace ba. Ƙirya muke nema, jan cikinta, wadda maƙera ke rububi saboda gawayi. A sare ta, a jingine ta a rumfa ta ga damina ta ga rani, kafin ƙarfe ya taɓa ta. Tsawon weji taƙi biyu da rabi, tsayinsa taƙi ɗaya, da hannun Kawu ake aunawa ba da nawa ba. In gangarensa ya miƙe da yawa, taya za ta ture shi ya yi ta gudu a gabanta. In ya kwanta da yawa, ta haye shi ta wuce. A cikinsa, ɓangaren da ke kallon ƙasa, a fitar da haƙora da gizago don su ciji burji. A huda gefe da mahuri mai zafi, a sa mariƙi na marke, don hannun mai sawa ya yi nesa da taya. In an gama duka, Kawu ya sa mahurin a wuta ya ja layi uku a ƙeya. Wannan ce shaidar gidanmu, kuma sai da na shekara bakwai kafin ya bar ni in ja ta da hannuna.

Ku ba ku san motocin wancan lokaci ba, shi ya sa. Bodin katako, lodin auduga ya fi motar tsayi, a saman buhunan kuma mata da maza da awaki. Hanya burji ce, birki kuwa sai addu'a. Duk hawan da za a yi, yaron mota yana rataye a baya da weji a hannu. Direba na jin mota ta fara numfashi sama-sama sai ya leƙo ya ce, "Weji!" Yaron mota ya dira, ya cusa, mota ta jingina a kai, direba ya sake neman giya. Duk rayukan da ke saman nan, a wannan ɗan lokacin, a kan aikin hannuna suke zaune. Amma direban da zai sayi sabuwar hula duk sati, in ya zo rumfata sai ya tsaya yana cewa kafintan bayan kasuwa ya fi ni araha. Na kan ce masa ya je, rimi ne aka shafa wa fenti, in ya karye ya kawo in haɗa masa wuta.

Mutum ɗaya ne a cikin masu zuwa rumfata ya san itace. Sunansa Ranau, Bamaguje ne daga wani ƙauye a bayan Malumfashi. Manomi ne mai iyali, har da furfura a gemu. In ya gama girbi sai ya shigo aikin mota ya yi rani. Yaron mota ake ce masa, alhali ya girmi direbansa, Mamman Dogo, da shekara goma. Ranar da ya zo sayen weji, shekara uku ko huɗu bayan Turawa sun miƙa mulki, na jera masa guda shida. Ya ƙwanƙwasa kowanne da bayan yatsa yana kasa kunne, ya shinshina, ya ɗauki na huɗu.

"Wanga ƙiryar tudu ce, Malam Garba," ya ce. "Ta sha wuya kahin ta girma. Ita nike so."

Gaskiyarsa, ƙiryar tudu ce. Ya saɓa shi a kafaɗa ya tafi, bai yi ƙorafin nauyi ba.

Bayan kamar wata biyu, ana tsakiyar kakar auduga, labari ya iso Funtuwa. Motar Mamman Dogo ta ɗauko lodi daga wani fuloti, inda ake awon auduga, a wajen Malumfashi. A kan wani dogon hawa giya ta ƙi shiga, birki ya ƙi kamawa, mota ta fara komawa da baya, ga rafi a ƙasa. Motar dai ta tsaya, ba wanda ya mutu, amma taya ta murƙushe ƙafar Ranau, an kwashe shi zuwa asibiti a Malumfashi. Na yi salati, na ce Allah ya ba shi lafiya, na ci gaba da aikina. Kwana huɗu bayan haka aka aiko cewa Sarkin Tasha yana kira na.

A gindin ɗurumin tasha na tarar da direbobi da 'yan kamasho sun yi da'ira. Mamman Dogo ya miƙe ya ce wejina ne ya dare biyu kamar rake, shi ya sa taya ta hau ƙafar yaronsa, shi kuwa da dabararsa ya karkatar da mota ya jingina ta da gefen hanya. Na ce ina gutsattsarin. Ya ce don haushi ya wurga su daji. Na yi dariya, don na san ba wanda zai yarda. Duk wanda ke wajen ya taɓa jingina motarsa a kan layi ukun nan.

Sai Malam Isiyaku ya yi gyaran murya. Shi ne akawun Alhajin da ke da motar, mai alƙalami uku a aljihu da wani ƙamus na Turanci da ya yi wa rigar fata. Ya fito da takarda ya ce Alhaji ya sa an karɓo ta daga hannun likita Bature. Ya ce kalma biyu likita ya rubuta. Ta farko ma'anarta karaya. Ta biyu, ya kanne ido ya ce, "Kunifom." Wani ɗan kamasho ya ce ko yunifom irin na 'yan sanda. Malam Isiyaku ya harare shi, ya buɗe ƙamus, ya ce wannan ba Turancin kasuwa ba ne, Latin ne, tsohon harshen da malaman Turawa ke rubuta manyan maganganu da shi. Ya ɗora yatsa a kan shafin, ya karanto kalmar da ke gabanta, kowa ya ji da kunnensa. Weji. Kalmar da direbobi ke ihu da ita kullum, tunda dama daga bakin Turawa muka karɓe ta.

"Karayar weji," in ji shi. "Ga shi likita ya rubuta da hannunshi."

Na ce, "Malam, likitan yana kan hawan ne lokacin da abin ya faru?"

"Bature ba ya rubuta abin da bai bincika ba."

Na ce to a jira Ranau ya samu sauƙi a tambaye shi, tunda shi ya riƙe wejin. Mamman Dogo ya ce, "Maganar arne mashayi za a ɗauka a bar ta likita?" Wallahi har yau in na tuna maganar nan sai raina ya ɓaci. Mutumin da ya dira ƙarƙashin motarka, yana kwance da ƙafa a farfashe, shi kake kira haka. Kuma ba wanda ya tsawata masa. Sarkin Tasha ya dubi takarda, ya dubi ƙamus, bai iya karanta ko ɗaya ba, ya yanke cewa daga ranar kada weji mai layi uku ya sake shiga tasha, ni ma kada in shiga.

Washegari na hau keke zuwa Maska. Kawu Sale ya tsufa lokacin, idonsa ya yi rauni, yana zaune a zaure yana shafa wata tsohuwar ƙota. Na ba shi labari daga farko har ƙarshe. Tambaya ɗaya ya yi mini.

"Jijiya ta gitta?"

"Ba ta gitta ba, Kawu."

"To bai karye ba."

Ya ci gaba da shafa ƙotarsa. Amma na san abin ya taɓa shi, don shaidar tasa ce kafin ta zama tawa, kuma shekara arba'in ba a taɓa kiranta a gaban jama'a da sharri ba.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekarata. Kafin mako ya zagayo sunana ya koma Kunifom. Yara su bi ni da shi, masu shayi su gaishe ni da shi. Na koma sassaƙa turmi da muciya da ludayi da kujerun mata ina kaiwa kasuwannin ƙauye. A can ma labari ya riga ni. Wata mata ta ɗaga turmina ta ce, "Wanda wejinsa ya karye, turminsa zai jure sussuka?" Kafintan bayan kasuwa ya ƙaro fenti. Wani maƙeri ya zo ya ce in sayar masa da ƙiryar da ke rumfata ya yi gawayi, tunda ba ta da sauran amfani, na kore shi har bakin titi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan: direbobin da suka zauna a gindin ɗurumi suna gyaɗa kai, ba su yar da wejina ba. Wuƙa suka sa suka kankare layi ukun, suka ci gaba da jingina motocinsu a kai. Sun san aikin, sunan ne suka bari a yanka.

Ni ma ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Sau ɗaya na je asibitin, aka ce 'yan uwan Ranau sun mai da shi gida, na juyo. Zuciya ta hana ni bin sawu. Na ce ni da aka zalunta ba ni zan yi yawon neman shaida ba. Damina ta sauka, rafuka suka cika, na samu hujjar zama. Cikin wannan daminar ciwo ya kwantar da Kawu. Ranar da na je duba shi ta ƙarshe ya ce mini, "Gara ba ta cin ƙirya. In ya karye, gutsurensa na nan cikin dajin. Je ka ɗauko mani in shafa." Na ce to, sai ruwa ya ɗauke. Ruwa bai ɗauke ba ya rasu. A wajen zaman makoki na ji wani yana tambaya a hankali ko wannan ne tsohon Kunifom.

Ana yanke gero na tafi kan hawan nan. Kwana biyu ina bin ciyawa da sanda, hagu da dama, har bakin rafi. Na samu tsohuwar taya, na samu ƙashin jaki, ban samu ko ɓallin ƙirya ba. Daga nan na yi ta tambaya har aka nuna mini ƙauyen su Ranau, gidaje warwatse a cikin gonakin dawa, rumbuna sun fi ɗakuna yawa.

Na tarar da shi a inuwar rumbu yana tufka igiya. Ya rame. Ƙafar dama ta warke a karkace, ya ɗora ta a kan wani abu don ta huta. Na yi sallama, idona ya sauka a kan abin. Wejina ne. Mariƙin marke yana nan, hanci lafiya lau, a kan gangarensa ga zanen taya ya nutse cikin itacen, a ƙeya ga layi uku.

"Malam Garba, kai ne? Mi ya kawo ka dajinmu?"

Na tsuguna na ɗauki wejin ina juyawa kamar yadda Kawu ke yi. Na ce yaya aka yi ya zo nan. Ya ce 'yan uwansa ne suka ɗauko shi ranar, domin a wajensu abin da ya sha jinin mutum ba a barinsa a hanya kowa ya taka. Sai ya ba ni labarin da ba wanda ya taɓa tambayarsa. Birkin motar ya kwana uku yana zuba, ya gaya wa Mamman, Mamman ya ce sai an sauke wannan lodin. Da mota ta fara komawa, ya dira ya cusa weji, amma gudun ya yi yawa, ga tsakuwa, wejin ya fara zamewa a gaban taya. Sai ya saki mariƙi ya tokare ƙeyar da ƙafarsa har haƙoran suka ciji ƙasa. Taya ta hau, ta tsaya, gefenta ya sauka a kan ƙafar.

Na gaya masa abin da aka yi a gindin ɗurumi. Ya ajiye igiyar.

"Takardar nan, ɗan wana Bulus ya san ta," ya ce. "Malamin asibiti ne, shi ya yi ta wanke mani ƙahwa. Gobe mu tai."

Muka ɗora shi a jaki muka shiga Malumfashi. Malam Bulus ya fito da farar riga, ya durƙusa ya gaida baffansa, ya saurare ni. Da na kai kan Kunifom sai dariya ta ƙwace masa. Da na kai kan rasuwar Kawu sai ya daina.

"Malam Garba, likita ba ya rubuta kayan mota," ya ce. "Cire takalminka."

Na cire. Ya ɗora ƙafata a kan benci, ya danna bayanta da babban yatsa, tsakanin idon sawu da yatsu, wuri uku a jere. Ya ce a nan akwai ƙananan ƙasusuwa uku, kowanne gefe ɗaya da faɗi gefe ɗaya da tsini, sun cusu da juna sun matse, su suka ɗaga tsakiyar ƙafa har take ɗaukar nauyin mutum. Ya ce likitoci da Latin suke sa wa gaɓoɓi suna. A Latin weji shi ne kuneyus, irin wanda mutanen da suke faskara itace da dutse da shi tun ba a san mota ba. Fom ɗin da ke ƙarshe kuma siffa ce. Kunifom, mai siffar weji. Ya ce malaman gona ma da dangin kalmar suke kiran ganyen da gindinsa ya tsuke, har wani tsohon rubutu da ake dannawa a kan yumɓu haka ake ce masa. Na ce masa ganye da yumɓu ba su dame ni ba, ya gaya mini abin da likita ya rubuta.

"Ya rubuta cewa ƙashin ƙafar Baba Ranau mai siffar weji ya karye. Shi ke nan."

Na zauna a kan bencin nan da takalmi ɗaya a hannu, ban san lokacin da na fara zagin ƙamus ba.

Muka jira har kakar auduga ta buɗe, tasha ta cika. Ranar da Malam Bulus ba shi da aiki muka shigo Funtuwa mu uku, Ranau yana dogara sanda, ni ina ɗauke da wejin a ka. Wani ɗan kamasho ya tare ni a ƙofa ya ce an hana ni shiga, na ce ya matsa ko in sauke masa a ƙafa ya ji ko rimi ne. Na dire shi a gindin ɗurumi. Aka kira Sarkin Tasha, aka kira Mamman Dogo, aka kira Malam Isiyaku, ya zo da ƙamus a hammata.

Malam Bulus bai yi masa gardama ba. Cikin ladabi ya ce ya buɗe inda ya buɗe bara, ya karanta. Malam Isiyaku ya karanta, ya ɗago kai yana murmushi, ya ce ƙamus ba ya ƙarya. Malam Bulus ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Karanta layin da ke ƙarƙashinsa." Ya sunkuya. Muna kallo leɓensa na motsi, sai ya tsaya. Sarkin Tasha ya ce ya fassara mana. Ya ce an ce wai kuma sunan wani ƙashi ne a ƙafar mutum. Yana nan a shafin tun bara, a ƙarƙashin yatsarsa. Ya ga kalmar da ya sani a layin farko, murna ta kama shi, ya rufe littafi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, sai dai wannan karon a wuyana aka ɗaura shi.

Mamman Dogo ya ce wa ya san ko wani wejin ne na sassaƙa na kawo. Ranau ya matso da sandarsa. Tunda aka fara ba wanda ya ba shi wurin zama. Ya nuna zanen tayar da ke jikin itacen, ya ce a je a gwada da tayar baya ta motar Mamman. Ya nuna baƙin tabon da ke gefe, ya ce wannan nasa ne. Sa'an nan ya ɗaga ƙafar nan karkatacciya ya ɗora kusa da wejin.

"Weji biyu ne ƙarƙashin tayar nan ran nan," ya ce. "Na ƙahwata ya karye. Na Malam Garba ga shi."

Mamman Dogo ya tuna yana da lodi, ya sulale. Sarkin Tasha ya gyara zaman hularsa ya ce to, rashin fahimta ne, a yi haƙuri, Garba ya dawo rumfarsa. Iyakar abin da aka ce ke nan. Ba wanda ya ce Mamman ya yi ƙarya, ba wanda ya ce wa Ranau sannu da ƙafa, Malam Isiyaku kuwa ya ci gaba da yawo da alƙalumansa uku har ya yi ritaya. Kafin sati biyu direbobin da suka kankare shaidarmu suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, wai in sake ja musu layin. Na ja wa kowa, amma sai da na bar kowannensu ya tsaya a rana tukuna.

Na roƙi Ranau ya bar mini wejin in rataye a rumfa. Ya ce a'a, ƙafarsa ta saba da shi. Bai sake aikin mota ba, noman ma sai 'ya'yansa. Duk shekara in an yi girbi na kan kai masa sabuwar ƙota, in tarar da shi a inuwar rumbu da ƙafa a kan aikina. Sunan kuwa bai bar ni ba. Yau in ka shiga Funtuwa ka tambayi Garba masassaƙi, za a ce wanne. Ka ce Kunifom, ko yaro zai kawo ka ƙofar gidan nan. Na daina jin haushinsa, tunda na san ma'anarsa, su masu kiran ba su sani ba.

Abin da ban daina jin haushinsa ba ɗaya ne. Ranar da aka wanke ni, daga tasha Maska na wuce a kan keke, ina sauri, har na kai ƙofar zauren kafin in tuna ba wanda zan gaya wa. Tsohon nan ya ce bai karye ba tun ranar farko, ba takarda, ba ƙamus, kuma ya tafi ana kiran shaidarsa da sunan tsiya saboda wani ya ƙi karanta layi na biyu.

Saboda haka kai mai keke, in ka koma gida ka cire takalmi ka shafa bayan ƙafarka. Weji shida ke ɗauke da kai tun ranar da ka fara tafiya, uku a dama uku a hagu, ba ka taɓa ce musu sannu ba. Kuma ka cire dutsen nan daga ƙarƙashin taya, dutse mirginawa yake. Akwai sauran ƙirya a bayan ɗakina. In kana so ka zo da safe in nuna maka inda jijiya ta kwanta, amma ka bar zarton a gida.